Saƙon da Ya Bugi Kwano

Duk wanda ya taɓa kiran sa awon fili ya san dalilin da ya sa ake ce masa Dakata. Zai zo da jaka a kafaɗa, ya kafa sandar nan tasa mai farin kai kamar murfin tukunya, ya dubi sama, ya dubi hagu da dama, sannan ya harɗe hannuwa ya yi shiru. Mai fili ya gaji ya ce, "Malam Safiyo, ba ta ba da lamba ba ne?" Sai ya ce, "Ta bayar. A dakata tukuna." Ka tafi ka sha shayi ka dawo, yana nan. Ka yi fushi, ka huce, ka sake yin wani fushin, mutumin naka ko gezau. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma idan ya ishe ta da shi take kiran sa, 'ya'yansa kuwa sai sun ga ƙeyarsa suke faɗa.

Shi ya ce ba nawar aiki ba ce, sanin halin na'ura ne. Na'urar tana sauraron saƙon da taurarin ɗan'adam suke aikowa daga sama, ta lissafa tsawon tafiyar da kowane saƙo ya yi, daga nan ta gaya maka inda kake tsaye. Idan saƙo ya sauko kai tsaye, lafiya lau. Fitinannen shi ne wanda ya biya ta wani wuri: ya bugi kwanon rufi, ko gilashin bene, ko jikin tirela, ko ruwan da ya kwanta a fili, sannan ya faɗo kan na'ura a makare. Ita kuma baiwar Allah ba ta san ya yi yawo ba, sai ta zuba shi cikin lissafi, ta ajiye ka inda ƙafarka ba ta taɓa takawa ba.

"Kamar maganar da ta biya ta gidan maƙwabta ce kafin ta iso kunnenka," haka yake gaya wa masu fili. "Ta iso dai, amma ba yadda aka faɗe ta ba."

Saboda haka ba ya wasa da kwano. Yana nisantar sa, in babu halin nisanta ya ɗaga sanda sama da shi. Yana hana na'ura sauraron taurarin da suka yi ƙasa-ƙasa dab da rufin gidaje, don su ne suka fi kawo saƙon yawo. In ya auna da safe sai ya dawo da yamma, lokacin da taurarin suka sauya wuri, ya ga ko lambar za ta maimaita kanta. Ya taɓa sa direban motar yashi ya janye motarsa har ƙarshen layi, direban yana zagi shi yana ba shi haƙuri. Abokan aikinsa suna gama filaye uku kafin ya gama ɗaya, suna yi masa dariya. Amma in rigimar iyaka ta kai inda 'yan'uwa suka daina gaisawa, ba a kiran masu sauri. Dakata ake kira, kuma abin da ya ce shi ke nan.

Mutum ɗaya ce a duniya bai taɓa ce wa a dakata ba, ita ce Yaya. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Yaya ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta dake shi, ta kai shi makaranta. Tela ce. Da keken ɗinkinta ta yi masa karatu, tana taka shi har ƙafafunta suka kumbura. Yanzu furfura ta cika masa gemu, amma har gobe Auta take ce masa, kuma in ta kira shi a waya tsaye yake miƙewa kafin ya amsa, kai ka ce tana ganin sa.

Gidan Yaya ɗan ƙaramin bene ne: shagon ɗinki da kicin a ƙasa, ɗakin kwana a sama. Tsakanin gidan da na maƙwabcinta akwai lungu, faɗinsa ya isa mutum biyu su ɗauki ƙyauren get su wuce da shi. Maƙwabcin mai walda ne, kowa Tartsatsi yake ce masa, don duk rigar da ya mallaka akwai hujin wuta a jikinta. Ƙofar gidansa ƙarama ce, wurin aikinsa kuwa yana can tsakar gida ta baya. Duk get ɗin da ya ƙera, duk tankin ruwa, duk gadon ƙarfe, ta lungun nan suke fita titi. Lungun nan shi ne maƙogwaron gidan, ta nan abinci yake shiga.

Su biyun kuma abokai ne. Duk lokacin da Dakata ya zo gaishe da Yaya sai ya leƙa wurin Tartsatsi, ya zauna kan tsohuwar taya, su yi ta hira cikin ƙarar injin yankan ƙarfe. Tartsatsi ne ya gyara masa tsinin sanda da ya lanƙwashe, ya ƙi karɓar komai. Wata rana Dakata ya ba shi labarin wani faranti na ƙarfe mai zobba da ake ɗaurawa ƙarƙashin kan na'ura, ya tare saƙon da yake tasowa daga ƙasa. Tartsatsi ya ture gilashin walda sama ya ce, "Faranti kawai? Malam Safiyo, ai ka raina ni. Bari in samu sarari."

To, sai gwiwoyin Yaya suka ce ba su san zancen ba. Matakalar da take hawa a guje ta koma tana hawan ta da hannu da ƙafa, tana hutawa a tsakiya. Ta ce ɗaki take so a ƙasa, a gefen gida ta wajen lungu. Ta daɗe tana cewa rabin lungun nata ne, Tartsatsi kuma ya daɗe yana cewa shi dai a haka ya tarar. Fegin da yake kusurwar kuwa ya ɓace tun lokacin da aka haƙa kwatar bakin titi. Ba su yi faɗa ba. Me zai kawo faɗa alhali akwai safiyo a gida?

"Hajiya, ƙanenki ya zo ya auna," in ji Tartsatsi. "Inda ya kafa fegi, wallahi ko tari ba zan yi ba."

Ranar awon, tun daga bakin layi Dakata ya ga abin da ba ya son gani. An kawo wa Tartsatsi sababbin fallayen kwano, ya jingina su a jere a jikin bangon lungu, dogaye, suna ƙyalli har suna kashe ido. Ga tankin da bai gama ba a tsaye a gefe, ga motar mai kaya a fake a bakin kwata. In da za a tara duk abin da yake koya wa mutane su guje wa, a zuba a wuri ɗaya, to wurin ke nan. Ya san abin yi sarai. Kamata ya yi ya ce a kwantar da kwanon, a janye mota, ya ɗaga sanda, ya jira, ya dawo da yamma. Aikin da ya yi wa baƙi sau babu adadi.

Amma sai ya ce bari dai ya kunna ya gani. Ya shigar da lambar kusurwar da take jikin takardar filin, kibiya ta fito a fuskar na'ura tana nuna masa inda zai bi. Ya bi ta. Ta wuce da shi inda yake zato, ta ƙara taku guda cikin lungu, ta tsaya. Lambar tana rawa, tana gaba tana baya, irin rawar da ko cikin barci ya gan ta ya san ta saƙon yawo ce. Ya buɗe baki.

Yaya tana zaune kan kujerar roba a inuwa, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta kan bokiti. Ta ga inda ya tsaya, ta dafa ƙirji.

"Alhamdu lillahi. Auta, nan ne? Ashe ɗakin zai shiga."

Kalmar da ya faɗa wa attajirai da masu kaki ba tare da gabansa ya faɗi ba, ita ce ta maƙale masa a wuya. Ya dubi ƙafafun nan. Ya san abin da ya kumbura su. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Nan ne, Yaya."

Kai jama'a, kuma Tartsatsi ne ya kawo guduma. Shi ya tsuguna ya riƙe masa fegin da hannunsa mai tabon ƙuna, yana dariya.

"Yau babu dakatawa ke nan, Malam Safiyo?"

"Yau sama a buɗe take," in ji Dakata, idonsa a kan guduma.

Da aka gama, Tartsatsi ya shiga abin da ya rage na lungun, ya ware hannuwa, tafukansa suka taɓa bango da igiyar da aka ja tun bai gama miƙe su ba. Mutum zai wuce, keke zai wuce. Get ba zai wuce ba, balle tanki. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke hannuwa ya ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Bai yi tarin ba kuwa, kamar yadda ya rantse.

Daga ranar Dakata bai sake jin daɗin kansa ba. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. A wurin aiki ya koma abin tausayi: fili fetal, babu ko bishiya, babu ko gwangwani, amma sai ya auna ya sake aunawa har mai fili ya tafi ya bar shi. Kamar in ya tsananta wa baƙi za a yafe masa na gida. In ya zo gaishe da Yaya sai ya zagayo ta ɗaya layin, don kada ya bi ta ƙofar Tartsatsi. In ya ji ƙarar injin yankan ƙarfe ta bayan bango, sai kunya ta rufe shi har ya ture shayin da aka ba shi.

Abin da yake lallashin kansa da shi kuwa shi ne wannan: saƙon yawo ba ya da ɓangare. Yana iya tura ka gabas, yana iya tura ka yamma. Wa ya sani, ƙila ma Yaya aka cuta? Ƙila ma lambar daidai ta faɗa, rawar banza ce? Muddin bai koma ya sake aunawa ba, ai bai sani ba. Ya rungumi rashin sanin nan kamar bargo, alhali jakar na'ura tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa.

Matarsa ce kaɗai ya gaya wa, ita ma don ta tsare shi ne. Tana shanya kaya a igiya ta saurare shi har ya gama, ta matse riga ta ce, "To ka koma ka sake mana. Ƙafa aka ɗaure maka?"

"Zan koma. A dakata ƙafar Yaya ta ɗan yi sauƙi, kada maganar ta kwantar da ita."

"Ƙafar da take shekara da shekaru tana ciwo? Malam, ka ji tsoron Allah. Waccan dakatawar ta aiki ce, na sani, na haƙura da ita tun ina amarya. Wannan kuwa ta tsoro ce. Mutumin nan yana da iyali."

Ya san ta fi shi gaskiya, shi ya sa ya yi mata faɗa a kan wani abu daban.

Ba a ce bai yi yunƙuri ba. Ya ɗauki jakar ya je, da niyyarsa cikakkiya. Ya tarar an sauke bulo da yashi, Yaya tana zaune a shago fuskarta kamar an yi mata bushara. Ta janyo wani yadi mai furanni ta shimfiɗa masa a cinya.

"Labulen tagar ne, Auta. Na gama shi tun ɗakin bai tashi ba, ka ga zumuɗin tsufa. Me ka zo da jaka kuma?"

"Daga aiki nake, Yaya."

Ya yaba labule, ya sha ruwa, ya tafi. Ya ce sai an zo haƙa harsashi zai yi magana. Aka haƙa, ya ce kafin a zuba kankare. Aka zuba, ya ce ai bulo bai hau ba tukuna, da sauran gyara. Magini kuwa ba sunansa Dakata ba, kullum bango sai ƙara tsawo yake.

Wata rana da hantsi ya biyo ta layin, ya hango taro a bakin lungu, sai ya laɓe a bayan wata mota kamar ɓarawo. Tartsatsi ne da mutane suke ƙoƙarin tsallakar da tanki ta saman rufin gidansa da igiya, tunda ƙasa babu hanya. Suna "ja, ja, sassauta," sai igiya ta zame. Tankin ya daki gefen kwata da ƙarar da ta tashi tsuntsayen layin gaba ɗaya, ya lotse ta ciki. Mai tankin ya zagaya shi sau ɗaya, ya kaɗa kai, ya shiga motarsa ya tafi. Tartsatsi ya sauko ya zauna a bakin kwata kusa da tankin, ya cire hula ya riƙe a hannu. Bai zagi kowa ba. Da ma ya yi zagin, da Dakata ya ɗan samu sauƙi.

Ya rantse a ransa gobe-goben nan zai koma. Goben ta zo da aiki a bayan gari, jibi ta zo da zazzaɓi, wanda ni dai ban yarda na sauro ne ba. Har dai wata safiya matarsa ta sauko da jakar daga bayan ƙofa, ta rataya masa a kafaɗa, ta buɗe masa ƙofar gida ta tsaya a gefe.

Wannan karon ta ƙofar Tartsatsi ya bi. Abin da ya fara lura da shi shi ne shiru. Babu ƙarar inji, babu ƙaurin walda. Ƙofar a buɗe take. Ya yi sallama, muryarsa ta dawo masa. Tsakar gidan an share ta tas, sai baƙin tabon mai a inda janareta yake zama, da tsohuwar tayar nan da yake zama a kai. Ya leƙa lungu. Babu kwano, babu tanki, babu ko guntun ƙarfe.

"Auta, kai ne?" Yaya ce ta fito daga shago tana dogara sanda. "Ka makara, ai sun tashi. Ya sayar da gidan, ya koma can wurin ƙanensa, wai zai riƙa taya shi a garejinsa. Mutum da wurinsa ya koma yaron wani. Matarsa tana ta kuka, ni ma sai da na yi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ya bar maka saƙo. Ya ce alkawari ne."

Ta miƙo masa wani abu mai nauyi a naɗe cikin takardar siminti. Ya warware. Farantin ne. Ƙarfe mai kauri, zobba a jere ɗaya cikin ɗaya, an goge bakin sumul don kada ya yanki hannu. Ya gwada shi a kan sanda, hujin tsakiya ya zauna daram. Ashe tun ranar da ya gyara masa tsini ya riƙe awon a kansa.

Ya ɗaura kan na'ura, ya zare sanda har ta wuce tsawon sabon bango, ya kunna. Wurin da ya fi kowane wuri surutu a layin yau ya zama fili mai tsabta. Abin da zai karkatar da saƙo ya tafi tare da mai shi. Lambar ta fito ta zauna, ko motsi ba ta yi. Kibiya ta nuna, ya bi ta. Ta baro fegin da Tartsatsi ya riƙe masa, ta zagaya da shi ta ƙofar sabon ɗakin da ba a riga an yi wa rufi ba, ta shigar da shi ciki, ta tsayar da shi taku guda daga bango. A ƙasan wurin an zana dogon layi da alli.

Ya tsaya. Ya jira, irin jiran da ya saba, ko lambar za ta ji tausayinsa ta gusa. Ba ta gusa ba.

Yaya ta ƙaraso bakin ƙofa tana haki, ta jingina da bulo.

"Nan gadona zai zauna, ka ga na sa an zana. Me kake aunawa kuma?"

Ta dubi sandar, ta dubi farantin, ta dubi inda ƙafarsa take. Sannan ta dubi fuskarsa, fuskar da take wankewa tun ba shi da haƙori. Ba ta buƙaci a karanta mata lamba ba.

"Nasa ne," ta ce.

"Nasa ne, Yaya."

"Tun ranar ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa kuka, har mari ya shirya wa, kuma da ya karɓa da godiya. Yaya ta lallaba ta zauna kan bulo, ta miƙe ƙafafun nan a gabanta, ta daɗe tana kallon layin allin.

"Ka san ranar nan na yi ta sauraron bakinka," ta ce a hankali. "Na ce yanzu Auta zai ce a dakata, in ce masa to. Ni da na hau matakalar nan shekara da shekaru, don na ƙara hawa ai ba mutuwa zan yi ba. Da na ji ba ka faɗa ba, sai na ce ashe dai nawa ne, tunda yaron nan ba ya ƙarya."

Daga bakin titi aka ji muryar magini yana sallama, yana tambaya ko a kwaɓa siminti. Dakata yana tsaye a tsakiyar lungun Tartsatsi, bango ya kewaye shi ta ko'ina, yana riƙe da sanda da hannu biyu saboda nauyin farantin.